Rangadin tarihi na Haɗejiya da Baturiya: abin da makaranta za ta samu, da abin da sai ta nema da kanta

Akwai wasu matasa a ƙasar Haɗejiya, yawancinsu malaman sakandare da suka karanta tarihi ko labarin ƙasa, waɗanda ke shirya wa makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai rangadin kwana biyu. Rana ta farko a cikin birni ake yini, ana bin sawun yaƙin da Turawa suka yi da Haɗejiya a 1906. Rana ta biyu kuma sai a shiga dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, a ji yadda daji ya kuɓuce daga hannun mutanen da ke zaune a bakinsa. Hidimar ta cancanci kuɗinta, kuma duk shugaban makarantar da ke Auyo ko Kafin Hausa ko Kaugama ko Malam Madori da ke da hali ya kamata ya kai yaransa. Sai dai masu shirin sun fi ƙwarewa a labarin dawaki da bindiga fiye da labarin takarda da turken iyaka, alhali na biyun ne har yau yake taɓa tukunyar gidajen da yaran suka fito. Malamin da zai raka ɗalibai dole ya tafi da shirinsa, in ba haka ba yara za su dawo da rabin labari.

Kuɗin ana lissafa shi ne a kan kowane ɗalibi, kuma yana hawa da sauka da farashin mai, saboda haka a nemi a rubuta shi a takarda kafin a ba da kafin alƙalami. Abin da ke ciki shi ne mota daga Haɗejiya zuwa daji da dawowa, 'yan jagora biyu, abinci sau uku a rana, masauki a ajin wata makaranta, da ɗan littafi mai shafi 12 da aka buga a injin kwafi. Abin da ba ya ciki, kuma ba sa faɗa sai an tambaya, shi ne kuɗin masu kwalekwale, da goron dattawan da za su zauna da yara, da motar da za ta kawo ɗalibai daga garinsu zuwa Haɗejiya. Waɗannan ukun in aka haɗa su sukan ƙara wa kasafi nauyi sosai. Gara a sa su a lissafi tun daga gida da a tsaya ana karo-karo a bakin ruwa a gaban dattawa.

Suna karɓar ɗalibai har 40 a tafiya ɗaya. Wannan ya yi yawa. Ɗan jagora ɗaya ba ya iya riƙe hankalin yara fiye da 15 a fili, balle a lungunan birni inda babura ke wucewa. Makaranta ta tsaya a kan 25 zuwa 30, da malamai uku, ɗaya daga ciki mace in akwai 'yan mata. In ajin ya fi haka a raba shi tafiya biyu.

Ranar farko ita ce gwanintarsu. Suna farawa da sassafe daga inda ragowar ganuwa take, su nuna wa yara faɗin gindinta da inda gwalalo ya bi, sannan su taka da su zuwa ƙofar fada. Ba sa fara labari daga zuwan Bature, kuma wannan ya yi daidai. Suna komawa kan Sarki Sambo da kafuwar masarautar a farkon ƙarni na 19, da Sarki Buhari wanda ya ƙi bin umarnin Sakkwato har ya rasu a 1863, domin yaro ya gane cewa garin da Turawa suka tarar ya saba tsayawa da ƙafarsa. Daga nan sai su jero abin da ya faru a 1903: Bebeji a ranar 1 ga Fabrairu, Kano a ranar 3, Sakkwato a ranar 15 ga Maris, Burmi a ranar 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Haɗejiya ta ƙara shekara uku tana zaman doya da manja da Turawa kafin Kanar Lowry Cole ya zo da ɗaruruwan sojoji da igwa da bindiga mai ruwa a watan Afrilun 1906. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka yi faɗa titi-titi har cikin fada, aka kashe shi tare da wasu 'ya'yansa da manyan mutanensa. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Suna rufe yinin da kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi.

Yadda suke bayar da wannan ɓangare abin yabo ne. Ba sa karanta wa yara takarda. Sukan tsayar da su a bakin wani lungu su ce su ƙiyasta faɗinsa da taku, sannan su tambaye su doki nawa zai iya shiga a jere, kuma me zai sami mahaya in bindiga mai ruwa tana kallon bakin lungun. Yaro da kansa yake gano dalilin da ya sa jarumtaka ba ta ishi mai sulke da lifidi ba. Abin da ke lalata tsarin shi ne lokaci. In aka makara aka fara bayan ƙarfe tara, rana takan buɗe kafin a isa fada, yara su gaji, a yi ta sauri. Shiga harabar fada kuma yana buƙatar sanarwa tun da wuri, kuma nauyin masu shirin ne su kai wasiƙa. A tambaye su kwafinta mako guda kafin tafiya. A kauce wa Juma'a da ranar kasuwa. A kuma koya wa yara tun daga makaranta yadda ake cire takalmi a durƙusa a ce "Allah ya ja zamanin Sarki", ko "Ranka ya daɗe" ga hakimi ko wani mai sarauta, don kada a tsaya koyarwa a ƙofar zaure.

Matsalar tana cikin ɗan littafin nan mai shafi 12, kuma daga can take shiga bakin 'yan jagora. Shafi na bakwai yana cewa da aka ci Haɗejiya da yaƙi sai Turawa suka ƙwace dazuzzuka suka hana talaka shiga. Ba haka abin ya gudana ba, kuma wanda ya haddace haka ba zai gane inda aka yi masa asara ba. Bindiga ta gama aikinta a yini guda. Ƙwace daji ya ɗauki shekaru da dama, kuma da alƙalami aka yi shi, sau da yawa ta hannun hukumar En'e da hatimin sarki.

Ga yadda ya kamata malami ya shimfiɗa wa yara a daren farko, in an ci tuwo an zauna. A 1908, zamanin Gwamna Girouard wanda ya gaji Lugga, wani kwamiti ya zauna a Landan kan ƙasar Arewa. Abin da ya fito daga ciki shi ne dokar 1910, wadda ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. A ido kamar kariya ce, kuma ta hana kamfanonin Turawa sayen filaye yadda suka yi a Kenya. Amma ta mayar da manomi mai amfani da gona kawai, ta kuma buɗe ƙofar a ce duk filin da ba a ga kunya a kai ba babu mai shi. Sai dokar gandun daji ta 1916, sannan ta 1937 wadda ta daɗe ana aiki da ita. Ma'aikatar daji ta sa wa kanta burin killace kashi 25 cikin 100 na ƙasar Nijeriya, abin da ta iya kaiwa bai wuce wajen kashi 10 ba. Bayan 'yancin kai ba a rushe wannan gini ba, ƙara masa bene aka yi: dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa a 1962, dokar namun daji a 1963, dokar wuraren kiwo a 1965, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta.

Matakan da ake bi a mayar da daji gandu su ne zuciyar darasin, kuma littafin bai ambace su ba ko da layi ɗaya. Da farko a buga sanarwa a gazet ta gwamnati, da Turanci, cewa ana niyyar killace wuri kaza. Sai a naɗa jami'in da zai binciki haƙƙoƙi, a ba da wa'adi duk mai da'awa ya zo ya faɗa. Jami'in ya saurara, ya amince da wasu, ya ƙi wasu. Waɗanda ya amince da su a jera su a ƙarshen takardar kafa gandun: mutanen ƙauye kaza suna iya ɗibar busasshen itace don girki, su yanki ciyawar jinka, su tsinci 'ya'yan itace, su bi hanya kaza, su sha ruwa a tafki kaza. Daga nan a sare layin iyaka a kafa turakun siminti. Duk haƙƙin da ba a kawo a cikin wa'adi ba ya mutu. To wa ke zuwa gaban jami'i? Dagaci da masu unguwa. Bafulatanin da ya tafi cin rani da shanunsa lokacin da aka yi zaman ba ya nan. Matar da ke yankar kaba ba a kira ta ba. Majemin da ke sayen bagaruwa, da mai ɗiban zuma, da mai saƙar asabari, da manomin da ya bar gonarsa saura ta huta shekara biyar, duk ba wanda ya rubuta su. Saura ta zama daji a takarda, dajin ya zama na hukuma. Yaron da ya riƙe wannan ya fi wanda ya haddace sunayen jarumai goma samun abin amfani.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa don adalci ga tarihi. A daidai lokacin da ake zargin manomi da jawo hamada, gwamnatin ce ke tura shi noman gyaɗa don ya sami kuɗin haraji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru ya kammala a 1930 ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa, gonakin gyaɗa suka bi shi suna cin daji. Wani masanin daji mai suna Stebbing ya tayar da hankali a 1935 cewa Sahara na tahowa da gudu, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamada na tafiya yadda aka faɗa ba. Duk da haka tsoron ya zauna, ya zama hujjar ƙara killacewa.

Littafin yana da shafi guda kan turjiyar ƙananan al'ummomi, kuma nan ma ya cakuɗa abubuwa. Ya sa Satiru, wani gari kusa da Sakkwato, da Haɗejiya a kwando ɗaya kamar shiri guda ne, don kawai watanni biyu ne tsakaninsu. Haɗejiya sarki ne da dakarunsa suke kare mulkinsu. Satiru kuwa talakawa ne da bayin da suka gudo, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku a Fabrairun 1906, aka dawo a watan Maris aka shafe garin, kuma dakarun Sakkwato suna gefen Turawa a ranar. Mutanen duwatsun Cibok sun riƙe sojoji makonni da kwari da baka daga ƙarshen 1906 zuwa 1907, sai da aka tare musu ruwan sha. Waɗannan turjiya iri uku ne, kowace da dalilinta. Inda littafin ya yi abin kirki shi ne kawo misalin Indiya, domin can aka ƙera tsarin da aka kawo mana. Dokar daji ta Indiya ta 1878 ita ta raba daji gida uku ta mayar da haƙƙin gado alfarma, kuma H. N. Thompson, wanda ya shugabanci aikin daji a Nijeriya tun daga 1903, daga ma'aikatar dajin can ya fito. Mutanen dazukan Indiya sun ɗauki makami: Santal a 1855, Munda ƙarƙashin Birsa Munda wanda ya rasu a kurkukun Ranchi a 1900, mutanen Bastar a 1910. A 2006 majalisar Indiya ta yi dokar da ta amince da haƙƙin mazauna daji. A nan Arewa ba a yi yaƙin daji irin wannan ba. Turjiyar ta shiru ce: a tuge turke, a shiga da dare, a saka wuta, a ba malamin daji na goro, ko a tattara a ƙaura. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 ta ɗauki kukan talaka kan zaluncin En'e, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, amma dokar daji ta tsallake duk wannan tana nan.

Rana ta biyu ana tashi bayan sallar asuba. Baturiya fadama ce mai tafkuna da kurmin bagaruwa da giyayya da kanya da goruba, wadda ambaliyar kogin Haɗejiya da rassansa ke shayarwa. An mayar da ita wurin kare namun daji tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. A 2008 ta shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa ta cikin wurare goma da za a ɗaga zuwa gandun ƙasa, tare da Falgore ta Kano. Ke nan ba Bature ne ya kafa kowane turke a nan ba, kuma 'yan jagora su daina faɗin haka. Abin da aka gada daga Bature shi ne ƙirar dokar.

Awa biyun farko na kallon tsuntsaye ne, kuma yara suna jin daɗinsa: kirinjijiya garke-garke, ɗinya, zalɓe, balbela, da baƙin da ke tahowa daga Turai su yi hunturu a nan. Madubin hangen nesa huɗu kawai masu shirin ke da su. Ga yara 30 wannan yana nufin kowa ya riƙe na 'yan mintoci, saboda haka a raba su rukuni huɗu tun a mota, kowane rukuni da madubinsa da mai rubuta abin da aka gani. In hazo ya yi kauri ba a ganin komai kafin ƙarfe takwas, sai a juya tsarin a fara da zaman dattawa.

Zaman dattawan nan shi ne abin da ya fi komai daraja a rangadin, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tsarinsa mai kyau ne. Ana share fili a inuwa, a ba dattijo sanda ya zana kogi da tafkuna da ƙauyuka a ƙasa. A kawo duwatsu da ƙwallon goruba da karan dawa a matsayin alama. Sai a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yara suna cike jadawali mai gida biyar a littafinsu: mene ne ake ɗiba, wa ke ɗibarsa, a wane wata, wa ake neman izini wurinsa a da, wa ake nema yanzu. Kaba ta tabarma da igiya da faifai. Ƙwallon goruba. Bagaruwa ta jima. Ƙaro daga ɗakwara. Kanwa. Zuma. Ciyawar jinka da gamba ta zana. Kifi, da bambancin mai homa da mai birgi da mai kalli da mai dumba wanda ke tare bakin ruwa gaba ɗaya ya hana na ƙasa samu. Burtali da mashaya. In aka yi shi da kyau yana cin awa ɗaya da rabi, kuma gida na huɗu da na biyar su ne ke buɗe wa yaro ido, don nan yake ganin bulama da sarkin ruwa da arɗo sun koma gefe, takardar izini ta maye gurbinsu.

Abubuwa huɗu ke ɓata shi. Na farko, ana zaunar da ma'aikacin gandu da kakinsa a cikin da'irar. Ba laifinsa ba ne, aikinsa ne ya raka baƙi, amma ba dattijon da zai faɗi inda ake shiga ɗiban itace a gaban wanda zai iya kama ɗansa gobe. Sai zaman ya koma godiya ga gwamnati. A raba su: dattawa da safe, ma'aikaci bayan azahar, kowa da lokacinsa. Na biyu, maza zalla ake kira, alhali kaba da itacen girki da 'ya'yan itace aikin mata ne. A nemi malama ta shiga gida da 'yan mata su zauna da tsofaffin mata biyu ko uku, su ce "Iya, a ina kuke yankar kaba kuna 'yan mata, yanzu kuma a ina?" Jadawalin da ke fitowa daga cikin gida yakan sha bamban da na waje, kuma haɗa su biyun a allo darasi ne mai zaman kansa. Na uku, ba a gayyatar Fulani. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ke tashi kusan kowace kaka, a Guri da Kiri Kasamma, taswirar da babu bakin makiyayi a cikinta tana koya wa yaro cewa shanu kutse suke yi, alhali burtalin ya girmi gonaki da yawa da ke kansa yanzu. A sa masu shirin su je wurin arɗo kwana uku kafin tafiya, kuma in zama ɗaya zai kawo tsamin rai a yi biyu. Na huɗu, yara suna ɗaukar murya da hoto da waya, suna rubuta sunaye. A hana wannan gaba ɗaya. Mutum ya faɗi gaskiya don yara su ƙaru, bai kamata maganarsa ta yi yawo a Facebook ba. A rubuta "wani dattijo masunci" ya wadatar.

Malami kuma ya shirya wa wani santsi da ke zuwa a kowane irin wannan zama, wato a ce kafin Bature daji na kowa ne, babu mai hana ka. Ba gaskiya ba ne, kuma dattawan da kansu za su gyara in aka yi musu tambayar da ta dace. A ce, "Baba, in baƙo ya zo su a tafkin nan a zamanin kakanninku, wa yake fara gani, kuma me yake bayarwa?" Nan za a ji rabon sarkin ruwa, da ranar buɗe tafki, da itatuwan da ba a sara, da gaisuwar da ake kai wa hakimi. Akwai doka a da, har da zalunci a cikinta. Bambancin shi ne mai dokar yana gari ɗaya da kai, ya san shekarar yunwa, ana iya kai masa kuka a zaure.

Ma'aikacin gandu shi ma yana da magana mai nauyi, kuma masu shirin sun kyauta da suke ba shi fili. Shi zai nuna wa yara kututturan bagaruwa da aka sare aka loda a manyan motoci zuwa birane, wanda ba aikin matar da ke neman itacen tuwo ba ne. Shi zai yi bayanin yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canja ambaliya: wani wuri ruwan da ke zuwa ya tafi ya daina zuwa, itatuwa suka bushe, wani wurin kuma ya zauna shekara cur, kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa da gero. Yaro ya ji wannan ya san cewa cire turke kaɗai ba zai dawo da daji ba. Tambayar da ya kamata a yi masa cikin ladabi ita ce, "Malam, takardar da ta kafa wurin nan, waɗanne haƙƙoƙi ta bar wa ƙauyukan da ke kewaye?" Masu shirin ba su da kwafin wannan takarda, kuma shi ne babban giɓin hidimarsu. Nemanta a ma'aikatar muhalli a Dutse ko a ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna aiki ne na sau ɗaya, kuma shafi biyu daga cikinta, an fassara su da Hausa, sun fi rabin littafin nasu amfani.

Ta fuskar lafiya da tsaro aikinsu matsakaici ne. Abinci yana da kyau, shinkafa da wake da rana, tuwo da miyar kuka da bandar kifi da dare, kunu da ƙosai da safe. Ruwan sha ne ba ya isa. A lissafa lita uku ga kowane yaro a rana, wato jarka biyar masu lita 20 ga mutum 33 a yinin daji, kuma makaranta ta ƙirga su da idonta kafin mota ta tashi. Kada yaro ya shiga ruwa ko da zuwa idon sawu ne, don tsargiya tana nan a ruwan kwance mai dodon koɗi. Takalmi rufaffe dole ne saboda ƙaya da ƙarangiya da maciji, kuma ba a tura hannu cikin kurmin kaba. Kowa ya zo da gidan sauro da bargo, don sanyin asubar fadama ya fi na tudu. Akwatin maganinsu yana da farasitamol da bandeji da gishirin zawo, babu ƙari. A san asibiti mafi kusa da lambar direban da zai tsaya da mota a kusa, kada ya sauke yara ya tafi lodi.

Kwalekwale shi ne wurin da ba a sassauci. Rigunan ceto shida suke da su, saboda haka yara shida ne za su hau a lokaci guda, ko da mai jirgi ya ce yana ɗaukar goma sha biyu. Kowa a zaune, malami ɗaya a ciki, ba a canja wuri a tsakiyar ruwa. In iska ta taso a fasa, babu abin da aka rasa na darasi.

Lokacin tafiya daga Disamba ne zuwa tsakiyar Fabrairu. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ya rufe hanyoyin cikin daji, kuma laka tana riƙe mota har bayan ya janye. Daga Maris zafi yakan haura digiri 40, tsuntsayen baƙi sun fara komawa, tafkuna sun ja baya. Bas mai ƙasa-ƙasa ba ta shiga ko da rani ne, sai a sauka a ƙarasa da ƙafa ko a nemi a-kori-kura, saboda haka a tambayi irin motar da za su kawo, a kuma tabbatar akwai shebur da igiyar ja a ciki.

Rangadin ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida na sakandare da ɗaliban kwalejin ilimi. 'Yan firamare za su ji daɗin tsuntsaye da labarin yaƙi, amma zaman jadawali ya fi ƙarfinsu. Makarantar da ke so ta yi magana da masu shirin wata guda kafin lokaci, ta ba su sharuɗɗanta a rubuce: adadin yara, zaman mata, gayyatar arɗo, raba dattawa da ma'aikaci, da ƙidayar jarkoki da rigunan ceto. Suna karɓar gyara in an kawo shi da wuri, kuma ba sa ƙara kuɗi a kan waɗannan in ban da goron zama na biyu.